Ramin Bakin Ƙofar Kubura

Kubura ba ta yarda da rami ba. A Gwarzo aka haife ta, kuma tana da shekara tara maciji ya fito daga gindin ƙofa ya sari ƙaninta, bai kai la'asar ba. Tun daga nan ko ramin tururuwa ta gani sai ta cusa masa tsumma.

Da wannan halin ta zo Manchester a 2012. Mijinta Abdulsalam ya gama karatu ya samu aiki a Birmingham, sai Juma'a yake dawowa. Ita da 'yarsu Raki mai shekara biyu suna zaune a ƙasan wani gida a unguwar Gorton, matakala shida ake sauka kafin a kai ƙofarsu. A gindin matakalar akwai rami mai murfin ƙarfe. Ranar da ta ga ɓera ya leƙo daga ciki, ta sayo siminti ta kwaɓa a kwanon tuwo, ta shafe shi tas, ta shimfiɗa tabarmar takalma a kai. Har da yi wa kanta sannu da aiki! Ina ta san magudanar ruwa ce?

Sai ruwan Oktoba ya sauko. A shekarun nan an rage masu sharar titi, ganye ya toshe kwalbatocin layin, ruwa ya gangaro matakalarta ya rasa hanya. Ya kutsa ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙe kafet. Bango ya yi baƙi, Raki ta fara tari.

A wajen wani suna Kubura ta taɓa jin mata na cewa a ƙasar nan, in aka ga yaro a gida mai danshi, ɗauke shi ake yi. Gaskiya ko ƙarya, ba ta tsaya tambaya ba, tsoro ya riga ya shige ta. Ta ƙi kai yarinyar wurin likita. Sai zuma, sai man zafi, sai turaren wuta don kashe warin. Duk Alhamis ta goge bangon ta jawo kujera ta tare shi. In mijin ya tambaya ta ce, "Mura ce kawai, Baban Raki." In aka ƙwanƙwasa ƙofa kuwa, ta goya 'yar ta yi tsit.

Mako shida ana haka, mutanen sama suka yi ƙorafin wari, mai gidan ya turo Choji, mutumin Jos mai gyaran famfo. Ya ɗaga tabarmar, ya daɗe yana kallo.

"Maman Raki, wa ya yi wannan aikin?"

Ta sunkuyar da kai. Ya fasa simintin da kurfi da guduma, ruwan ya zuƙe ƙasa nan take. Ya sake robar ƙasan ƙofa da ta ruɓe, ya liƙe tsagar dokin ƙofa. Yana tattara kaya ya ji numfashin yarinyar a bayanta, yana fito kamar buta a kan wuta.

"Tun yaushe take haka? Ki kai ta asibiti yanzu."

"Za su karɓe mini ita, Malam Choji."

"Wa ya gaya miki? Matata nas ce. Ɗauko mayafi, ga mota."

Kwana tara Raki ta yi a gadon asibiti, Kubura na riƙe da ƙafarta, tana zabura duk sanda wani ya shigo da takarda. Ba wanda ya zo karɓar kowa. Likitar dai ta ce huhun ya taɓu, da an kawo ta da wuri da bai kai haka ba.

Sun koma unguwar Aston ta Birmingham daga baya, hawa na uku, bango busasshe. Raki ta shiga makaranta da abin shaƙar magani a aljihu. In yara suna tsere a fili, ita takan tsaya a rabin hanya ta dafa gwiwa, ta ɗago wa uwarta hannu.

"I'm fine, Mum!"

Kubura takan yi mata murmushi, ta juya fuska gefe.