Fitilar Kawu Ba Ta Cin Man Kaɗe

Jiya maƙwabciyata ta narka man kaɗe, ƙamshinsa ya tsallako katanga ya mayar da ni ɗakin kakata a Gwandu, tun ina 'yar ƙarama.

Kada ku ɗauka kowane ɗaki da fitilarsa a wancan zamani. Unguwarmu kaf, fitila ɗaya mata suke taruwa a kai, ta kakata. Ɗan kasko ne na yumɓu, da lagwanin da take murzawa da kanta, siriri don kada ya sha mai. Ta shafe bangon bayansa da farar ƙasa, haske ya ninku. Bayan isha'i kowace mace takan shigo da mazarinta da audugarta da ɗan curin man kaɗe. Curi kaɗan-kaɗan, sai ga haske ya wadaci gida goma. Ana kaɗi, kaka tana zuba labari. Tun rasuwar kakanmu, wannan taron ne kaɗai abin da take jira a yini.

Sai kawu ya dawo daga kasuwar Kalgo da fitilar ƙwai mai shan kananzir. Wai, haske! Har kwarkwatar kan mutum kana gani. Mata suka kwashe mazarai suka koma ɗakin matar kawu. Ni ma na bi su, ba zan ɓoye muku ba. Da na leƙo kaka, na tarar da ita ita kaɗai tana kaɗi, labarin ma babu mai ji. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Ba a jima ba kananzir ya ƙare, kawu kuwa ya tafi fatauci. Matan nan masu zumunci ne, ba sa shan haske a banza, don haka kowace ta kawo curinta kamar yadda aka saba. Matar kawu ta narka, ta ɗura wa fitila. Lokacin ɗari ne, man ya daskare a ciki. Aka kunna, lagwani ya yi hayaƙi, ƙwan ya yi baƙi ƙirin, ta mutu murus.

Suka jero ƙofar kaka suna sallama ƙasa-ƙasa, ni ma ina bayansu.

"Mi kunka ba ta?" in ji kaka.

"Man kaɗe, Inna."

Ta yi dariya har da hawaye. "Fitilar ga baƙuwa ta, ba ta san tuwonmu ba. Ku shigo, ku matsa ma yarinya wuri."

Yau gidan ɗana kowane ɗaki da ƙwan lantarkinsa, wai irin marasa shan wuta, kowa kuma yana ƙunshe a nasa ɗakin. Da magariba nakan bi ina kashewa, in bar na ɗakina kaɗai. Jikokina suna cewa rowa ce ta tsufa. Ban taɓa musa musu ba, tunda dai suna shigowa su zauna.