Haƙoran Baba da Tukunyar Fari

A gidanmu, can fadamar Sabon Gida, ranar da aka ɗora tukunyar mazarƙwaila ta fari ba wanda ke karya kumallo a gida. Tun da sassafe ake ɗunguma gonar rake, doki na juya injin matsa, mu mata muna suyar masa a gindin mangwaro. Maƙwabta kuwa ba a gayyatarsu, hanci ke kawo su. Kowa da ƙwaryarsa, a zuba masa maɗi mai zafi ya dangwala.

Amma ba a sauke tukunya sai babban gida ya ciza. Ana ɗiga maɗin a ruwan sanyi, a dunƙule, a miƙa masa. In ya ce ta yi, ta yi. Babana ke da wannan girma tun ina goyo, kuma ƙa'idar ita ce ranar da haƙoran babba suka ƙare, sai ya bar wa na bayansa. Na bayan nan shi ne baffana, mutum mai bakin tsiya, wanda kowace shekara sai ya leƙa bakin Baba kamar mai sayen rago.

Abin da baffa bai sani ba, da damina Baba ya saci jiki zuwa asibitin garin Tawa, lokotoro ya kwashe ragowar haƙoran ya sa masa na roba. Ni na raka shi. A mota ya ce, "Ke ɗiyata, in kinka hwaɗi, ba ni ba ke."

Ranar tukunya na roƙe shi ya ɗan lasa kawai. Ina! Taurin kan Baba ya fi na dokin injin. Ya karɓi dunƙulen, ya dubi jama'a, ya gartsa masa cizo. Ya ja, abu ya ƙi. Ya sake ja da ƙarfi, sai ga haƙora reras, sama da ƙasa, sun biyo mazarƙwaila suna yi wa mutane murmushi a hannunsa.

Wata tsohuwa ta yi salati, masata ta ƙone. Wallahi dariya ta cika mini ciki, amma da na ga bakin Baba ya shige ciki, ya tsufa a gabana nan take, sai tausayi ya kama ni. Kowa ya juya wajen baffa, ana jiran wuƙar bakinsa.

Baffa ya matso, ya karɓi dunƙulen, ya ɓamɓare haƙoran, ya wanke su da ruwan buta. Ya cire hularsa ya rufe su, ya miƙa wa wansa da hannu biyu. Sannan ya daka wa masu wuta tsawa.

"Mi kuka kallo? Wadda ta riƙe haƙoran yaya ai ta nuna. Yaya, a sauke?"

Baba ya mayar da haƙoransa, ya gyara murya.

"A sauke," in ji shi.