Hannatu da Telan da Ya Ƙi Ɗage Jallabiya

Girman kai cuta ne, na kuma ga inda ya ci naman mutum. Amma ba don mai shi nake wannan rubutu ba, don Hannatu ne.

Kullum da hantsi tana ɗakinta a wani ƙaramin asibiti a Umdurman ta ƙasar Sudan, tana jiran a tayar da janareta. Aikinta hoton jijiyoyin ƙafa: ta shafa mai, ta ɗora na'ura, ta danna. Lafiyayyar jijiya takan lotse. Wadda jini ya daskare a cikinta ba ta lotsewa. Da yaƙi ya watsa abokan aikinta, ita ta zauna.

Wata rana ga Ladan, tela a Kasuwar Umdurman, ƙafarsa ta hagu ta kumbura suntum. Ta danna bayan gwiwa, jijiya ta ƙi lotsewa.

"Baba, sai na bi ta har matsematsi. Ɗage jallabiyar."

"Ke! Sa'ar 'yata ce za ta buɗe min cinya? Kira namiji."

"Namijin yana Masar, Alhaji. In gudan jinin nan ya ɓalle, huhu zai nufa. Kar a matsa ƙafar, kar a yi ƙaho."

"Wanzami ya fi ki sanin jini," in ji shi. Ya ja sanda ya fice.

Washegari bai dawo ba, Hannatu ta kasa sukuni. Tana tashi aiki ta hau raksha, wato a-daidaita-sahu, ana jin rugugin igwa daga tsallaken kogi, ta bi layin teloli tana cigiya. Ta same shi kwance bayan keken ɗinkinsa, ga tsagar ƙaho a sha-raɓa, ƙafar ta yi baƙi ta yi sanyi. Irin toshewar nan ce da ba kasafai ake gani ba, mai shaƙe ƙafa gaba ɗaya.

"Baba, ko ka ɗage yau, ko gobe a yanke ƙafar."

Ya yarda. Aka ɗauke shi zuwa asibiti. Hoton da ta ɗauka ya nuna wa likita iyakar toshewar, aka sa masa maganin tsinka jini.

Hannatu, ke ce aka wulaƙanta, ke ce kuma kika bi sawu cikin harbi. Mun gode, Allah Ya saka. Masu aikin asibiti, ku yi koyi da ita.

Ladan ya tsira da ransa. Amma yatsu uku sun tafi, ƙafar ba ta ƙara taka keke ba, ɗinkin sallah kuwa duk ya koma shagon maƙwabcinsa Mujtaba.