Sunan Ɗan Farin Yayata

Shekarar da aka sa ni cikin kwamitin gidan likitan garinmu, mutum biyu suka zo daga Tahoua kan maganar ordinata, na'urar da ke riƙe da takardun marasa lafiya. Ɗaya ya ce a gyara tsohon tsarin da ke cikinta, tunda an bar shi a buɗe, duk mai sani yana iya taɓa shi. Ɗayan ya ce ya sha faci, a gina sabo. Ni karatuna na ajami ne. Na ce Allah Ya yi mana zaɓi. Aka tsaida a gwada sabon na wata guda.

Cikin watan yayata ta kawo ɗanta na fari daga Karofane, bisa amalanke. Farfaɗiya gare shi, ranar kuma ba ya magana. Akwai wani magani da ya taɓa kusan kashe shi, yana rubuce cikin na'ura, mu ba mu san sunansa ba.

Matar da ke rajista ta ce, "Inna, sunan marar lafiya?"

Yayata ta ce, "Ga shi nan kwance."

"Sunansa nake tambaya. Sabon tsarin ba ya buɗewa sai da suna."

"Ɗiyata, na fari ne."

Yayata ta duba ƙasa. Shekara arba'in ba ta faɗi sunan nan ba, ba ta kuwa ga dalilin farawa ranar ba. Sai matar ta juyo gare ni. "Malam, kai kawunsa ne."

Na buɗe baki. Duk dangi da laƙabi muke kiransa. Na halarci sunansa, na ci naman, amma sunan ya tahi.

Sai Majo, babban mai jinyarmu, ya tashi. Ya shiga ɗaki ya kunna tsohon tsarin, wanda sai mutum ya gama alwala kafin ya tashi. Ashe tun da daɗewa wani ya ƙara mishi gurbi: sunan uwa da ƙauye. Yayata ta faɗi nata sunan da ƙarfi. Takardarsa ta fito da sunan maganin, ashe shi ne cikin allurar da aka riga aka ɗauko; aka ajiye ta, aka kawo wata.

A taron kwamiti mai sabon tsari ya ce gurbin nan aikin yini ɗaya ne. Na tambaye shi gurabe nawa irinsa ke cikin tsohon. Ya ce zai duba.

Aka gyara tsohon. Sunan ɗan yayata kuma na rubuta shi da ajami, na sa cikin hulata.