Kular da Yaya Sule ya fasa

Jama'ata barkanmu. Yau da ɗan gidanmu nake faɗa!

Kwana uku ina zarya kemis a Kankiya neman allurar sugan Baba. Wai ƴan zanga-zanga sun tare motar kamfanin maganin, yanzu an hana ma'aikatansu zuwa.

Na dawo na iske Yaya Sule yana cika baki da zanga-zangar da suka yi: "Mun fasa wata kula a mota, ashe ba lemo, ƴan kwalabe ne! Ƙanƙarar dai mun sha."

Na ce, "Yaya, allurar Baba kuka shanya a rana!"

Baba daga kwance ya ce, "Ko a yaƙin basasa ban ga an taɓa motar magani ba."

Yaya Sule ya ari babur zai je Katsina nema, abokansa kuma sun toshe hanya.

Ku fa, ina kuke samun magani?