Hodar da Na Goge

Har yau ban manta da ranar da Manaja ya ce in buga wa Baba Lamu takardar neman bahasi ba. Lokacin ina aikin tafireta a wani gidan saukar baƙi na gwamnati a Gombe, kafin in yi aure, shekarun da aka fara kashe naira. Baba Lamu shi ne mai kula da furanni, lebura ne da ake biya kullum. Ƙa'idarsu ita ce takarda ta farko gargaɗi, ta biyu sallama. Shi kuwa yana da ɗaya, ta makara zuwa aiki.

Akwai wata shuka da Manaja ya kawo daga Jos, mai ganye kauri, fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Ni da na tashi a gidan da ko murfin randa sai an wanke, ganinta yana damuna. Wata Asabar na jiƙa hankicina, na bi ta ganye-ganye na goge har ta yi kore shar. Ran Litinin rana ta ƙone ta, duk ta yi tabo.

Manaja ya ce sakaci ne. Na sa takarda a tafireta, na buga sunan Baba Lamu, sai na tsaya. Mutum ne mai 'ya'ya a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Na yi azahar, sannan na shiga ofishin Manaja.

"Ranka ya daɗe, ni ce na goge shukar. Na zaci datti ne."

Ya yi mini faɗa sosai, ya ce in cire sunan in sa nawa. Haka na buga wa kaina takarda da hannuna.

Da na je ba Baba Lamu haƙuri, ashe ya sani. Ya ce ya ga an bi har ƙarƙashin ganye, mai ƙeta ba ya irin wannan wahala.

"'Yata, hodar nan rigarta ce, Allah ne ya ba ta saboda rana. Wadda kika goge ba ta dawowa, sai sabon ganye."

Na ce me ya hana shi faɗa wa Manaja. Ya ce shi bai ga kowa da idonsa ba.

Daga ranar, duk abin da na tarar a wurin aikin wani, sai na tambayi mai shi kafin in gyara. Shukar ta yi sabon ganye da damina. Baba Lamu ya yanko mini ɗaya, na tafi da shi gidan aurena a Pantami.