Ordinatar da Ta Ƙi Jin Maganar Shu'aibu

Shu'aibu ɗan gwaggona ne, wato bawana a wasan taubasai, ko ya yarda ko ya ƙi. Ni lakwal, makarantar boko, ta kore ni tun ban gama sanin baƙaƙe ba, shi kuwa ya yi karatu har kansa ya yi sanƙo. Ya buɗe ɗan shago kusa da tashar Madarumfa, yana buga wa 'yan kasuwa da direbobi takardu a ordinata, wato kwamfuta. In yana bugu, wallahi har kifin tafki sai ya leƙo ya ga ko ƙanƙara ake yi.

Abin da gari bai sani ba, idon Shu'aibu ya daɗe da fara tafiya. Na dama ya mutu sarai, na hagu kuma farin haske na sukarsa kamar barkono. Sai ya gyara tsohuwar ordinatarsa daidai da larurarsa. Fuskarta ya maida baƙa, haruffa rawaya manya-manya kamar tafin raƙumi, kowace taga ya koya mata ta buɗe ta hagu. In na ce, "Bawa, wannan rubutu ai daga garin Gabi ma a karanta shi," sai ya ce, "Don jahilai irinka na yi, ubangidan banza."

Bara wutar lantarki ta dawo da ƙarfi ta ƙone ordinatar. Alhassan direba ya samo masa wata ta gwanjo daga tsallaken iyaka, don can sun fi araha. Fes da ita, kamar amarya. Ashe daga wani ofis na ƙasar waje ta fito, masu ita kuma sun kulle wurin gyare-gyare da lambar sirri. Fuska fara tas, rubutu kamar sawun kiyashi, taga sai ta buɗe ta dama, inda babu ido. Ya jawo ta hagu, gobe ta koma. Ya nemi ƙara girman haruffa, ta tambaye shi lambar mutumin da ko sunansa bai sani ba.

Mai gyara a Maraɗi ya ce kullen daga can ciki yake, ko wanke ta, a goge komai a sake sabo, ba ta yarda a yi. Alhassan ya ce gwanjo ba a mayarwa.

"Tawa ce fa," in ji Shu'aibu. "A ɗakina take, wutata take sha."

Na ce, "To sake ta mana." Bai yi dariya ba.

Wata rana Hajiya Atika mai atamfa ta iske shi hancinsa manne da gilashin ordinatar, hawaye na zuba.

"Malam Shu'aibu, sansanarta kake yi?"

Ya juyo yana amsa wa ƙofa, alhali tana tsaye a damansa. Ba da mugunta ta ba da labarin idonsa a kasuwa ba, tausayi ne. Mutane suka yi ta zuwa yi masa sannu, masu goro, masu addu'a, har da mai tozalin Makka. Takardunsu kuwa Maraɗi suka riƙa kaiwa.

Yanzu matarsa Balaraba ce ke ajiye buhunan wake a shagon. Shi yana lambun surukinsa a bakin tafki, yana cire ciyawa da lalube. Na je masa da tsokana cike da baki, na iske shi durƙushe cikin shukar salati, wato latas.

"Wa ke nan? Kai ne? Duba mini, akwai sauran ciyawa a layin nan?"

Na duba. Ciyawa tana nan tsaye, rabin salatin kuwa yana zube a bayansa.

Na ce, "Babu. Ya yi fes."